Sunan Wasa da Sunan Yanka

Akwai wata ɗabi'a da muke da ita mu masu kallon wasan kwaikwayo a ƙasar Hausa, wadda na daɗe ina lura da ita, kuma nake ganin ta cancanci a tsaya a dube ta a cikin wannan mujalla tamu. Ɗabi'ar kuwa ita ce, da zarar mutum ya fito a wani wasa ya burge mu, sai mu tuɓe masa sunan da mahaifinsa ya yanka rago ya raɗa masa, mu yafa masa sunan da ya fito da shi a cikin wasan, kuma ba zai sake fita daga cikin wannan riga ba har ranar da za a kai shi makwancinsa. Alal misali, in mai karatu ya shiga kasuwa ya ce yana tambayar labarin Usman Baba Pategi, da wuya ya sami wanda zai ɗaga kai ya dube shi. Amma da zai ce Samanja, nan take zai ga fuskoki sun washe, watakila ma wani dattijo ya miƙe ya ƙame ya sara masa.

Shi dai Usman Baba Pategi Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi da ke cikin Jihar Kwara, kuma soja ne na gaske kafin ya zama sojan wasa. Kalmar Samanja kuwa muƙamin soja ne na Turanci wanda bakin Bahaushe ya tauna ya sauƙaƙa, kamar yadda ya yi wa kofur da saje da manjo. Ni ban riski zamanin da ake jin wasansa a rediyo ana kallonsa a talabijin daga Kaduna ba. A waya na gan shi, a YouTube, hoton duk ya dusashe, amma Hausar barikin nan tasa wadda yake cuɗa ta da Turanci tana nan da gishirinta. Mahaifina ya ce a unguwarsu gida ɗaya ne ke da talabijin a lokacin, kuma ranar Samanja sai mai gidan ya fito da akwatin ƙofar gida ya ɗora bisa tebur, yara a gaba a zaune, manya a baya a tsaye. Da mutumin nan ya rasu a Kaduna cikin watan Nuwamba na 2023, abin da aka yi ta faɗi a gari shi ne Samanja ya rasu. Haka aka yi wa Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da sunan Karambana. Haka aka yi wa Abdullahi Shu'aibu na Jos da sunan Karkuzu. Rabilu Musa, wanda ya taɓa aikin gandiroba kafin ya shiga wasan barkwanci, ya rasu a watan Disamba na 2014 yana amsa sunan Ibro, alhali Ibro gajarta sunan Ibrahim ne, shi kuwa ba Ibrahim aka raɗa masa ba.

Na sha jin wasu daga cikin abokan karatuna suna cewa wai wannan ɗabi'a alamar ƙauyanci ce, wai mutanenmu ba su iya rarrabe wasa da gaskiya ba. Ni ban yarda da wannan magana ba ko kaɗan, kuma ina ganin duk wanda ya zauna a ajin al'adun Hausawa bai kamata ya faɗe ta ba. Bahaushe tun fil azal bai cika kiran mutum da sunansa na yanka ba. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari saboda alkunya. Matar da ta san kanta, a da can, ba ta kama sunan mijinta. Yaron da ya ci sunan kakansa sai a ɓoye sunan a ce masa Abba, yarinyar da ta ci sunan kaka a ce mata Ummi. Ga sunayen rana, Ladi da Talatu da Ɗanjuma da Ɗan'asabe. Ga na yanayin haihuwa, Tanko wanda ya biyo bayan mata, Kande wadda ta biyo bayan maza, Gambo wanda ya biyo bayan tagwaye, Audi wanda ya zo duniya bai tarar da mahaifinsa ba. Ga kuma na sana'a, Mainama da Maishayi da Sarkin Aska. Watau dai mutum a wurinmu yana da sunan da ke ajiye a cikin adaka, wanda ba a fito da shi sai ranar ɗaurin aure ko ranar cike takarda, sa'an nan yana da na sawa yau da gobe. Saboda haka da akwatin talabijin ya shigo gidajenmu ya kawo mana baƙin fuskoki, abin da muka saba yi wa kowa shi muka yi musu.

Ko Indiyawa ma ba su tsira ba. Wani Bature masani, Brian Larkin, wanda ya yi bincike a kan gidajen silima na Kano a cikin shekarun 1990, ya rubuta yadda 'yan kallo suka laƙaba wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, suka ce wa Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, shi kuwa Rishi Kapoor suka ce masa Mace, don ya taɓa yin shigar mata a wani fim. Waɗannan mutane suna can Bambai ba su ma san an yi musu wannan raɗin suna ba, kuma babu abin da ya rage su da shi.

To, amma namu na gida fa? A nan ne nake ganin akwai abin dubawa. Laƙabin gargajiya daga jikin mutum yake tsirowa, daga ranar haihuwarsa ko sana'arsa ko kamanninsa ko halinsa. Sunan wasa kuwa daga alƙalamin wani ya fito, kuma halin da ke tattare da shi ba na mai amsa sunan ba ne. Haka nan wasanninmu na gargajiya sun san yadda ake tuɓe riga in an gama. Yaron da ya yi Macukule ko Jatau Mai Magani a tashe, daga goma ga azumi yake soma yawonsa, da Salla ta matso ya cire gemun auduga ya wanke bula, shi ke nan ya koma ɗan gidan wane, ba mai sake ce masa Jatau. Matar fada da ta kwaikwayi sarki a wasan gauta, da an watse ta koma bakin aikinta. Dalili kuwa shi ne masu kallon sun san yaron tun yana rarrafe, sun san uwarsa sun san ubansa, wasan ɗan lokaci ne a cikin doguwar sanayya. Ɗan wasan talabijin kuwa ba mu san shi ta kowace ƙofa ba sai ta wasan. Iyakar abin da muka sani game da shi shi ne abin da marubuci ya sa a bakinsa.

Na ga yadda wannan abu yake da idona a hutun bara waccan, a wani kantin magani cikin birnin Kano, inda aka aike ni sayen maganin hawan jini. Ina tsaye ina jiran layi sai ga wani dattijo ya shigo, cikin wata shadda da ta sha wanki, da hula zanna ta ɗan karkace. Kafin ya kai ga kanta sai na ji wurin ya ɗauki raɗa. Ashe wani ne da ke fitowa a ɗaya daga cikin wasannin nan masu dogon zango, a matsayin mugun baffa wanda ya danne gadon marayu. Wata tsohuwa da ke zaune kan benci ta zuba masa ido, can sai ta nuna shi da carbinta ta ce, "Kai bawan Allah, ba ka tsoron haɗuwarka da Allah? Ka mayar wa yaran nan gonarsu mana!"

Shi kuwa bai ko yi mamaki ba, da alama ya saba. Ya rusuna ya ce, "Hajiya, a yi mini afuwa, in Allah ya kai mu mako mai zuwa zan duba lamarin."

Kantin ya kwashe da dariya, har da ita tsohuwar, wadda ta ƙara da cewa Allah ya shirye shi, kuma ya gaishe mata da matarsa, ta kama sunan matar cikin wasan. Duk wanda ya ga yadda take dariya ya san ta san wasa ne. Ita ma shiga wasan ta yi, ta karɓi nata rabon na minti ɗaya. Samari biyu suka matso suka ɗauki hoto da shi a waya, ɗaya har da dafa masa kafaɗa kamar sa'ansa. Bayan an lafa ya miƙa takardar likita, mai kanti ya faɗa masa kuɗi. Ya yi shiru, ya laluba aljihu, ya ƙirga abin da ke ciki, sa'an nan ya rage murya ya ce a yanko masa rabin kati, zai dawo ya karɓi sauran. Ina kusa da shi shi ya sa na ji. Ya fita ya tsaya bakin titi yana ciniki da mai adaidaita sahu, yara suna binsa suna kiran sunan mugun baffan nan. A cikin duk mutanen da ke kantin nan, da waɗanda suka yi dariya da waɗanda suka ɗauki hoto, da na tambaya ba a sami wanda ya san sunansa na yanka ba.

Tun daga ranar nake tunanin cewa sunan wasa ba hali kaɗai yake ɗora wa mutum ba, har da dukiyar da ba tasa ba. Mai kallo ya ga Alhaji cikin babbar riga, a falo mai kujerun alfarma, direba na jiransa a waje, sai ya ɗauka haka yake kwana haka yake tashi. Bai san rigar aro ce, motar aro ce, gidan ma na wani ne aka roƙa na wuni ɗaya ba. Wanda ake yi wa kallon mai hali kuwa ba a tunanin a taimake shi, shi ma kunya ba ta barinsa ya buɗe baki sai wuya ta kai wuya. A farkon shekarar 2022 Ladin Cima, wadda iyayenmu suka sani da sunan Tambaya tun zamanin wasannin talabijin, ta yi hira da sashen Hausa na BBC, inda ta ce akan sallame ta da naira 2,000 ko 5,000 in ta fito a fim. Maganar ta tayar da ƙura ƙwarai. Wasu manyan masu shirya finafinai suka fito suka musa, suka ce sun biya ta fiye da haka, wasu kuma suka ce ai fitowa ɗaya ko biyu take yi a fim, ba za a biya ta kamar wanda ya ɗauki fim ɗin tun daga farko har ƙarshe ba. Ni ba alƙali ba ne a tsakaninsu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mamakin da jama'a suka yi. Matar da aka shafe shekaru aru-aru ana kallo, ba wanda ya taɓa tambayar yadda take ci take sha, domin Tambaya aka sani, ita kuwa Tambaya ba ta biyan kuɗin haya. Haka kuma a 2023 aka ga Karkuzu a faifan bidiyo, idanunsa sun tafi, yana neman taimakon wurin zama, har ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa ya saya masa gida. Ya rasu a 2025.

Da na ƙara duba lamarin sai na ga ashe tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, wane ne mai sunan? Samanja shi ya ƙirƙiri Samanja, kuma Rabilu Musa ya riƙe Ibro tamkar jarinsa, yana ɗauke da shi daga wannan fim zuwa wancan, har sunan ya zama shi ne kan finafinan, a ce Ibro kaza, Ibro kaza, mai saye bai ma damu da labarin ba in dai ya ga sunan a jikin kwali. Waɗannan sun ci moriyar rigarsu gwargwado. Amma wanda ya sami suna a cikin wasan wani, to, riƙon amana yake yi. Tashar Arewa24, wadda ta buɗe a 2014, ta kawo mana Daɗin Kowa, muka san Kamaye da Adama da Malam Nata'ala. Ta kawo Kwana Casa'in, muka koma ce wa Sani Mu'azu Gwamna Bawa Maikada, duk da cewa ya daɗe a wannan sana'a tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu. Waɗannan sunaye na masu wasan ne, ba na masu amsa su ba. Abin da ya faru a Labarina na Aminu Saira, wanda aka soma a 2020, ya isa hujja. Nafisa Abdullahi ce Sumayya, har ana kiranta da haka a titi. Da ta bar shirin a 2022 ba ta tafi da sunan ba, aka ɗauke shi aka ba Fati Washa. A gidanmu an yi makonni ana gardama, ƙannena mata suna cewa wannan ba Sumayya ba ce, ni kuwa ina ce musu Sumayya ba kowa ba ce face wadda mai labari ya ce ita ce. Ba su yarda ba, amma ba su fasa kallo ba.

A ɗaya gefen kuma ga waɗanda suka tsira da sunayensu, irin su Ali Nuhu da Adam A. Zango da Rahama Sadau. Ali Nuhu ya fito a Sangaya wajen shekarar 2000 a matsayin Yarima, ya fito a finafinai masu yawan gaske bayan nan, amma ba wani sunan wasa da ya manne masa, sai laƙabin Sarki da masoyansa suka ba shi. Da sunansa kamfanoni suke neman sa talla, kuma da sunansa aka naɗa shi shugaban hukumar finafinai ta Nijeriya a 2024. In mai karatu ya lura zai ga galibi samari da 'yan matan da ke fitowa a labarin soyayya su ne ke tsira da sunayensu, su kuwa masu barkwanci da masu fitowa a iyaye da bokaye da 'yan aiki su ne wasa ke haɗiyewa. Bosho da Daushe da Naburaska kowa ya san su, amma sai an yi tunani kafin a tuna Sulaiman da Rabi'u da Mustapha.

Na mata kuwa ya fi ba ni tausayi, domin su sau da yawa sunan fim ɗin da ya fito da su ake liƙa musu a bayan suna, ya zauna a gurbin sunan mahaifi. Ga Rukayya Dawayya, ga Jamila Nagudu, ga Maryam Booth da aka daɗe ana ce wa Dijangala, ga marigayiya Hauwa Ali Dodo da aka sani da Biba Problem. Hafsat Idris kuwa fim ɗin da ya fito da ita sunansa Ɓarauniya, don haka 'yar mutane ta wayi gari ana kiranta Ɓarauniya a bainar jama'a, kuma wai yabo ne. Saratu Giɗaɗo, wadda ta rasu a watan Afrilu na 2024, ta shahara da sunan Daso wajen fitowa a masifaffiyar mace, muguwar kishiya ko uwar miji mai ƙulle-ƙulle. A al'ummar da ake binciken halin mace a bakin maƙwabta kafin a nemi aurenta ko auren 'yarta, wannan ba ƙaramin kaya ba ne a ɗora wa mutum. Ni a ganina ita ce ta fi kowa iya wannan fage, kuma iyawar tata ce ta sa aka fi jin haushinta.

Bari in ɗan ratse in taɓo wata kalma, tun da dai a sashen harshe muke. A da ana cewa ɗan wasa ne ko ɗan wasan kwaikwayo. Yaran gidan silima kuma suna da nasu kalmomin, akwai akta, wato wanda ba ya mutuwa, akwai bos, wato wanda za a kashe a ƙarshe. Yanzu kuwa kowa jarumi ne ko jaruma, a jarida da rediyo da bakin 'yan fim ɗin kansu. Jarumi a asalin Hausa shi ne wanda ba ya ba da baya a fagen fama, amma yau ko wanda ya fito a matsoraci ya ɓuya ƙarƙashin gado jarumi ake ce masa. Ina jin abin da ya sa suka rungumi kalmar shi ne gudun kalmar wasa, domin Bahaushe bai ɗauki wasa sana'a ba, abin yara ne da marasa aikin yi. Wanda ake ganin wasa yake yi kuwa, ba a jin nauyin a biya shi kaɗan, kuma ba a jin nauyin a tare shi a hanya a dafa masa kafaɗa ko da ya yi jika da mai dafawar. Sai dai sauya kalma bai sauya abin da ke cikin ambulan ɗin sallama ba.

A nan sashenmu muna nazarin wasan kwaikwayo a rubuce, muna feɗe Jatau Na Kyallu da Uwar Gulma, mu fitar da jigo da salo da zubi da tsari, muna kuma haddace sunayen marubuta domin jarrabawa. Waɗanda suka ɗauki irin waɗannan labarai suka sa musu murya da jiki a rediyo da talabijin kuwa, ba kasafai suke shiga takardunmu ba, in ma sun shiga to da sunan wasa ne. Ina ganin da malamanmu za su riƙa tura masu neman batun kundin digiri su je su zauna da tsofaffin 'yan wasan da suka rage a Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato da Katsina, su rubuta sunan kowa da na mahaifinsa da garinsu da yadda ya shiga sana'ar da abin da ake biyansa, da an sami kundaye masu amfani. Ni dai shi na rubuta a takardar neman amincewa da batu, ina jiran abin da kwamiti zai ce.

Kuma kada mu ɗauka abin a kasuwa da tasha kaɗai yake. Lokacin da muke aji biyu, Ƙungiyar Hausa ta shirya wasa a makon al'adu, aka rasa wanda zai fito a boka, sai wani abokinmu mai shiru-shiru, wanda ba ya wuce sahun farko a masallaci, ya ce shi zai taimaka. Ya ɗaura warki ya rataya layu ya shafa toka, ya yi surkulle na minti goma har zauren ya ruɗe da tafi. Yau shekara biyu ke nan, ba mai kiransa sai da Boka, har masu sayar da abinci a bakin ɗakin kwanan ɗalibai. Makon jiya wani malaminmu yana rarraba takardun gwaji ya kira wani suna sau uku, ajin ya yi tsit ana waige-waige, sai da malam ya ɗaga takardar ya dubi rubutun ya ce, "Boka, zo ka karɓi takardarka."